Abin Da Ake Tanada Tun Ido Yana Gani

Ƙannena masu allura da zare, yau da ku nake. Masu ɗinkin hula, masu aikin wuyan riga, masu saƙar kwarashi, da ku da kuke duƙe a kan keke tun hantsi har bayan isha'i. Idan aka tambayi ɗayanku mene ne jarinsa, zai ce keke, ko kuɗin zare, ko masu kawo masa aiki. Da wuya a ji wanda ya ce idonsa. Ba kuma abin zargi ba ne, domin mai shekara 20 bai ma san yana da ido ba. Ana sanin haka ne ranar da kafar allura ta fara ɓuya, mutum ya miƙa hannu nesa, ya karkata wajen taga, daga ƙarshe ya kira yaro ya zura masa zare.

Ina so in ba ku labarin wata masaƙiya Ba'amurkiya, Lenore Tawney, wadda ta bar duniya a 2007 tana da shekara 100. Ganinta ya yi ta raguwa tun cikin shekarun 1990, amma ba ta ajiye aiki ba. An saba ba da irin wannan labari don a ce wa yara su dubi ƙarfin hali. To, ƙarfin hali baiwa ce, ba a zuba wa mutum ita daga shafin mujalla. Abin da zai fi yi muku amfani shi ne ku ga abin da matar nan ta tanada tun idonta yana gani, wanda shi ya riƙe aikinta bayan ganin ya ja baya. Wannan kam ana koyonsa, kuma yanzu ne lokacinsa.

An haife ta a 1907 a garin Lorain da ke jihar Ohayo, bakin tafkin Erie. Tana da shekara 20 ta tafi Shikago neman na kanta, ta samu aikin duba kurakuran rubutu a wani kamfani mai buga hukunce-hukuncen kotu. Shekara da shekaru tana bin ƙananan baƙaƙe layi bayan layi, tana farautar waƙafin da ya ɓata, da dare kuma ta tafi ajin zane a makarantar Art Institute ta Shikago. A 1941 ta auri George Tawney, masanin halayyar ɗan Adam. Auren bai cika shekara 2 ba mijin ya mutu, a 1943. Ya bar mata abin da za ta rayu da shi ba tare da ta dogara da albashi ba. Ku riƙe wannan a ranku, zan komo kansa, domin duk wanda ya ba ku labarinta ya tsallake zancen kuɗin, rabin labari ya ba ku.

A 1946 ta shiga Institute of Design, makarantar da László Moholy-Nagy, tsohon malamin makarantar Bauhaus ta Jamus, ya kafa a Shikago. Ta koyi sassaƙa a hannun Alexander Archipenko, ta fara taɓa saƙa a hannun Marli Ehrman. Sassaƙar ta karɓe ta, amma ta bar ta. Ta zauna a Faris daga 1949 zuwa 1951, ta zaga Turai da Arewacin Afirka. Sai a 1954 ta je makarantar sana'o'in hannu ta Penland, a duwatsun Karolina ta Arewa, ta yi makonni 6 a gaban wata masaƙiya 'yar ƙasar Finlan, Martta Taipale. Daga nan ne saƙa ta zama rayuwarta. Shekarunta 47. Wanda ke cikinku yana kukan ya makara don ya kai 28 bai kama komai ba, sai ya sake lissafi.

Yanzu bari mu zauna a gaban masaƙar, don a nan abin yake. Kowace saƙa zare biyu ce: zaren tsaye da aka yi wadarinsa aka ɗaure, da zaren kwance da ƙoshiya ke kaiwa tana komowa da shi. Galibi ana auna gwanintar masaƙi ne da yadda biyun nan suka matsu, ba kafa, ba rauni. Ita kuwa sai ta fara barin zaren tsaye tsirara a wurare da yawa, ta saƙa nan, ta tsallake can, haske ya riƙa ratsawa. Maimakon ta manna aikin a bango, sai ta rataye shi a sarari, a zaga shi ta kowane gefe. Masaƙan ƙasarta da dama ba su ji daɗin abin ba. Na tabbata da an nuna wa tsohon masaƙi na Kano ko na Zinder, cewa zai yi aikin bai ƙare ba. Idan gwado ake nema don sanyin hunturu, gaskiyarsa. Ita ba gwado take saƙawa ba.

A 1957, tana da shekara 50, ta tattara ta koma Niyok. Ta sauka a Coenties Slip, wani lungu na bakin ruwa a ƙarshen tsibirin Manhattan, inda tsofaffin benayen 'yan jiragen ruwa suka zama wurin zaman masu zane marasa kuɗin haya mai tsada. Maƙwabtanta su ne Agnes Martin, Ellsworth Kelly, Robert Indiana da Jack Youngerman, waɗanda daga baya duk suka yi suna. Rufin ɗakunan yana da tsawo, aikinta ma ya miƙe sama.

A 1961 ta koyi wata tsohuwar dabarar saƙa ta mutanen Feru a wajen Lili Blumenau, kuma a wannan tsakanin ne ta yi abin da ya fi burge ni a duk tarihinta. Kun san matsefi, wanda zaren tsaye ke ratsa haƙoransa, ake buga zaren kwance da shi. Shi ke tsare kowane zare a gidansa, shi ya sa ƙyalle ke fita da faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe. Tawney ta sa aka yi mata matsefi mai buɗewa ta sama, yadda za ta iya ɗaga zaruruwa ta sauya musu gida tana tsakiyar saƙa. Da wannan ƙyallen ya samu damar tsukewa, ya buɗe, ya rabu gida-gida ya sake haɗuwa. Aikinta na 1962 mai suna Dark River, wato baƙin kogi, na baƙin zaren lilin ne, tsawonsa ya haura mita 4, yana hannun gidan adana fasaha na MoMA a Niyok. A 1963 aka yi nunin Woven Forms a Museum of Contemporary Crafts, ita ce ginshiƙinsa, tare da Sheila Hicks, Claire Zeisler, Alice Adams da Dorian Zachai. Wannan nuni yana cikin abubuwan da suka sa aka fara ɗaukar zare da muhimmancin da ake ba dutse da ƙarfe a fagen fasaha.

Ku lura, ba a gyara kayan aiki sai an san dalilin kowane ɓangarensa. Akwai mai sana'ar da ya san yadda ake yi, akwai wanda ya san abin da ya sa ake yi haka. Na farko da ido yake aiki: ya ɗora tsohuwar hula a gwiwa, ya kalla, ya kwafa. Hannunsa na iya fin na kowa tsabta, amma duk iliminsa yana waje, a jikin hular da yake kallo. Ranar da ya kasa ganinta, ba shi da komai. Na biyu ya san gida nawa ne daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya san inda zane ke juyawa da abin da ya sa yake juyawa a nan, ya san abin da zai faru idan aka ƙara zare biyu. Iliminsa yana cikin kansa, kuma yana iya faɗinsa da baki. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A aikin babbar riga, kamar a birnin Zariya, an daɗe da raba mai zana aska takwas a jikin yadi da mai bin zanen da allura. Shawarata ita ce kada ka yarda ka tsufa kana mai bi kawai. Ko ana biyanka da kyau, ka matsa kusa da mai zanen, ka dame shi da tambaya har ya gaji da kai.

Sai 1964. Sunanta ya riga ya fito, masu saye sun san irin abin da suke so daga hannunta, kuma mai hankalin kasuwa zai ce ta ci gaba da buga irinsa. Sai ga ta a makarantar koyon masaƙu ta Filadelfiya tana nazarin masaƙar Jacquard, injin da wani Bafaranshe ya fito da shi a farkon ƙarni na 19, wanda katuna masu huji ke gaya wa kowane zare lokacin da zai ɗaga. Ba yadin da injin ke fitarwa ne ya kama hankalinta ba. Ɗaruruwan igiyoyin da ke sama ne, masu jan zaruruwan, yadda suke giftawa suna rawa. Ta koma gida ta ɗauki takarda mai gida-gida irin ta lissafi, da rula, da tawada, ta shiga ja layuka sirara, suna tashi daga wuri guda suna bazuwa, suna haɗuwa su ba da siffar da ke kamar za ta taso daga takardar. Aikin ido ne tsantsa, irin wanda sai mai gani garau. Ba saƙa ba ne, ba kuma abin da aka san ta da shi ba ne. Ta yi irin wannan zane da yawa, ta adana.

Ta kasance mai adana abu ƙwarai. Tana rubuta littattafan tunaninta, tana tara gashin tsuntsu, ɓawon ƙwai, tsakuwa, ƙananan ƙasusuwa da shafukan tsofaffin littattafai. Tana manna irin waɗannan a jikin katin gidan waya ta aika wa ƙawaye da abokai, har daga baya aka tattara katunan aka buga su littafi. Mai shigowa ɗakinta zai iya cewa tarkace ne. Yau kayan ɗakin nan suna John Michael Kohler Arts Center a garin Sheboygan na jihar Wiskonsin, ana zuwa kallonsu.

A nan zan tsaya in yi muku faɗa kaɗan. Yawancinku ba ku ajiye komai. An gama riga, an kai wa mai ita, shi ke nan ta tafi da duk tunanin da aka zuba mata. Wanda ya yi ƙoƙari ya ɗauki hoto a waya, wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta a kasuwa, shekara uku na aiki suka bi ta. Hoton ma fuskar aiki kawai yake nunawa, ba ya faɗin zare nawa aka ci, daga ina aka fara, wane kuskure aka yi aka warware. Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk zanen da ya zo muku, ko ba mai saye, ku sa shi a ciki da boko ko da ajami, da ƙidayarsa, da ɗan guntun zaren a manne a gefe. Musamman waɗanda ba mai saye. Su ne naku na kanku, sauran na masu kuɗi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mutumin da ganinsa ya fara dushewa ba ya iya zama ya zana abin da bai zana ba yana da shekara 30.

Mu koma ga matar. A 1976 ta gama wata babbar saƙa mai suna Waters Above the Firmament, da'ira a cikin murabba'i, wadda ke Art Institute ta Shikago yanzu. Ita ce babbar saƙarta ta ƙarshe a kan masaƙa. Tana da shekara 69 ta rabu da kayan aikin da ya yi mata suna. A 1977 gwamnatin Amurka ta ba ta aikin ƙawata zauren wani gininta a Santa Rosa, jihar Kalifoniya, jihar kuwa tana cikin fari a lokacin. Sai ta yi girgije. Ta shimfiɗa ƙyalle mai kauri a sama, dubban zaruruwan lilin suna zubowa daga jikinsa, kowane ɗaya an ƙulla shi da hannu. Babu ƙoshiya, babu matsefi, babu zaren kwance ko ɗaya. Ta ci gaba da yin waɗannan gizagizai shekaru, har da wanda ta kai babban nunin saƙa na Lozan a Siwizalan a 1983. A 1990 aka yi nunin aikin rayuwarta gaba ɗaya a American Craft Museum, tana da shekara 83.

Ku duba sau nawa ta saki abin da ta ƙware a kai ba tare da an ƙwace mata ba. Ta saki sassaƙa, ta saki Shikago, ta saki saƙa mai kusurwa huɗu, ta saki masaƙar kanta. Saboda haka da ganinta ya fara tafiya, ba shi ne karo na farko da ta tashi da safe ta tarar hanyar jiya ba ta ɓullewa ba. Ta saba tambayar kanta: to, da me ya rage za a yi aiki? Abin da ya rage shi ne zanen nan na 1964. Tare da mai taimaka mata, ta ɗauko su ta mayar da layukan tawada zaren gaske, aka ɗaure su a cikin akwatunan roba garai-garai da ake hango cikinsu, siffar da ke kwance a takarda ta miƙe tsaye a sarari. Ta kira su Drawings in Air, wato zane a cikin iska. Idon da ya ja layukan ya yi aikinsa shekara 30 da suka wuce, ya gama. Abin da ake bukata yanzu shi ne kan da ya san tsarin, da bakin da zai faɗa, da hannun wani.

Akwai wata masaƙiyar da ya kamata ku san sunanta, don ita rashin lafiya ta taso da shi tun ƙuruciya. Anni Albers, haifaffiyar Balin a 1899, tana da ciwon jijiyoyi na gado da ake kira Charcot-Marie-Tooth, mai raunana ƙafafu da hannuwa. Ta shiga Bauhaus a 1922 ba da niyyar saƙa ba. Sashen saƙa aka tura ta, kamar yadda ake tura yawancin mata a makarantar, ta shiga ba da son ranta ba. Ita ce ta zama masaƙiya ta farko da MoMA ya yi wa nuni ita kaɗai, a 1949. Da shekaru suka ja ta bar masaƙa ta koma buga zane a takarda, da hannunta ya fara rawa kuma ba ta ɓoye rawar ba, ta bar layin ya karkace yadda hannun ya kai shi, ta gina zanen a kan haka. Ta rayu har 1994. Ba ina cewa ciwo alheri ne ga mai fasaha ba. Masu faɗin haka galibi lafiyarsu ƙalau. Ina cewa ne matar ta san aikinta zurfin da za ta iya sauya masa jiki idan nata jikin ya sauya.

Yanzu zancen kuɗin da na ce ku riƙe. Tawney ta iya ɗaukar mai taimako don tana da abin biya. Ta iya shafe watanni tana ja layukan da ba mai saye don ba ta jiran kuɗin cefane daga gare su. Mai ɗinkin hular da ke ciyar da mutum takwas ba shi da wannan sarari, kuma zalunci ne a ɗora masa labarinta a ce me ya hana shi. Mutane da yawa ganinsu ya tafi, sana'arsu ta tafi tare da shi, suka zauna a zaure, ba don sun gaza haƙuri ko tawakkali ba. Rashin gani rashi ne, mai shi yana da haƙƙin ya yi baƙin cikinsa. Don haka kashi na tanadin nan kuɗi ne zalla: adashi, ɗan abin da ake cirewa a kowace riga, ko akuya a ƙauye. Ba zancen fasaha ba ne, amma shi ke sa fasahar ta samu inda za ta tsaya.

Wani kashin kuma shi ne kada ku ba da idon da arha. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin waɗanda suka kai shekara 40, kimanin mutum 4 cikin 100 makafi ne, Arewa maso Gabas ce ta fi yawa, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar irin wadda ake iya karewa ko warkarwa ce. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, sai gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, da kusan kashi 17. Yana ana cire ta da ɗan gajeren aiki, a sa wata ƙwayar roba a madadinta, mutum ya koma ganin allurarsa. Abin da ba a so shi ne a kai ido wajen masu yawo da tsinke suna tura yanar ciki. Binciken nan ya nuna yawancin idanun da aka yi wa haka ba su koma gani da kyau ba. Gilakoma ita ce muguwar, domin galibi ba ta ciwo, daga gefe take fara ci, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Tana bin jini. Idan akwai wanda ta makantar a gidanku, ku je a auna ku tun ba ku ji komai ba. Mai ciwon suga ma a riƙa duba bayan idonsa ko da yana gani lafiya. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai sassan ido a manyan asibitocin jihohi.

Shi kuwa ɓuyan kafar allura da ke zuwa wajen shekara 40, ba ciwo ba ne, girma ne, kuma tabarau na karatu mai sauƙin kuɗi yana maganinsa. Ban san adadin gwanayen da suka ajiye allura don kunyar a gan su da gilashi ko don an ce musu gilashi yana ƙara kashe ido ba, amma duk wanda ya zauna cikin masu sana'a ya san irinsu. Gilashi ba ya kashe ido. Ɗinki a duhu ma ba shi ke kawo yana ba, sai dai yana gajiyar da ido, ya sa ciwon kai, ya ɓata aiki. Ku nemi haske, ku riƙa ɗaga kai kuna duban nesa. Idan ido ya yi ja, kada a ɗiga masa abin da maƙwabciya ta ce ya yi wa ɗanta amfani.

Saura abu guda, kuma shi ya fi kusa da ku. Kafin ku zama tsohon da ba ya gani, za ku fara zama yaron da ke gani dominsa. Da yawanku yanzu haka kuna zaune gaban wani maigida ko wata uwar ɗaki da idonta ya fara ja baya, ba ta faɗa ba, ku ma kun gani kun yi shiru. Ta ɗauki shuɗi a zaton baƙi, layinta ya ɗan kauce. Abin da aka saba yi shi ne a jira ta tashi salla a warware a gyara a ɓoye, don kada a kunyata ta. Niyyar mai kyau ce, amma sannu a hankali ana fitar da ita daga aikinta ne ba ta sani ba, kuma ranar da ta gane, zafin ya fi na a faɗa mata. Gara ka ce, "Baba, wannan shuɗi ne, shi kake so ko in miƙo baƙin?" Gara ki ce, "Inna, daga nan zuwa baki gida bakwai ya rage, a juya ko a ci gaba?" Ka ba shi abin da idonka ya gani, ka bar masa hukunci. Za ka yi mamakin abin da zai fito daga bakinsa, abubuwan da bai taɓa faɗa ba don a da hannunsa ke yi ba sai ya yi magana ba. Babu lokacin da almajirin sana'a ke samun ilimi kamar wannan, idan yana da haƙurin tambaya da littafin rubutawa.

Wannan zaman kuma shi zai koya maka magana. Mai sana'ar da bai taɓa koyar da kowa ba, duk bayaninsa "ɗan matsa kaɗan" ne da "kamar dai wancan". Irin wannan bayani yana aiki ne idan ku biyun kuna kallon abu ɗaya. Wanda zai ja ragamar hannun wani ba tare da ya gani ba sai ya iya cewa zare nawa, gida nawa, dama ko hagu, a ja ko a sassauta. Tun yanzu ka gwada: ka juya wa ƙaninka baya, ka sa shi ya fitar da ƙaramin zane da faɗarka kawai, ka ga inda bakinka ke gazawa.

Ayyukan Tawney na ƙarshe sunanta suke ɗauke da shi, kuma daidai ne, don tsarin nata ne tun 1964. A wurinmu ma rigar da ta fito daga shagon maigida sunansa take amsawa ko da yaransa ne suka yi ɗinkin. Amma a nan ne rigima ke tsirowa. Yaro ya ga shi ke zura zare, shi ke ɗinki, shi ke kai wa mai kaya, sai zuciya ta fara raya masa cewa tsohon nan zaman banza yake. Tsohon kuma, don tsoron a gudu a bar shi, sai ya riƙe wasu sirrin ya ƙi faɗa, ko ya riƙe kuɗin ya riƙa ba da na sabulu. Na ga shaguna masu albarka sun watse a kan haka, masu kawo aiki suka rasa wanda za su bi. Idan zama irin wannan ya same ku, ku yi maganar a fili tun kafin a karɓi aikin farko: nawa ne na mai tsari, nawa ne na mai hannu, sunan wa za a faɗa wa mai kaya, kuma zanen da ke cikin littafin wa zai gada. A samu dattijo guda a cikin 'yan sana'ar ya zama shaida, a rubuta, kowa ya riƙe kwafinsa.